Horon Gershon

A Kagoro, duk matar da mijinta ya kwana a waje ta san ƙofar Mama Emilia. Shugabar Zumuntar Mata ce a majami'a, muryarta ba ta neman lasifika. Ta sha kamo mazan mutane daga gidan burukutu, ta tiso ƙeyarsu gida kamar awakin da suka tsinke igiya. Mutum ɗaya ne ya gagare ta: ƙanenta Gershon, magini, wanda ita ta goya shi bayan rasuwar uwarsu.

Ba abin da ba ta gwada ba. Azumi ta yi har zani ya daina zama a ƙugunta. Ta zuba masa man shafewa da aka yi wa addu'a a miya, ya lashe kwano ya nemi ƙari. Duk baƙon mai wa'azin da ya zo, Gershon ne na farkon fita tuba, da hawaye shaɓe-shaɓe, kafin Laraba kuma ya koma.

"Kana so ka kashe ni ne, Gershon?"

"Haba Yaya! A bikin Kana da Yesu ya mai da ruwa ruwan inabi, kin taɓa jin an ce kunu ya dama?"

Dattawan ikilisiya suka gaji, suka sa shi horo: ba cin Jibin Ubangiji, zama sai bencin baya. Yana cikin horon babur ya kayar da shi a hanyar Kafanchan, ko asibiti bai kai ba. Dattawa suka ce gawarsa ba za ta shiga majami'a ba.

Emilia ta ɗaura ɗamara, sai gidan Fasto Bartholomew.

"Baba Fasto, a mayar da horon kaina. Ni zan zauna bencin baya, a shigar da yarona."

"Mama, ko ki zauna har bencin ya ruɓe, wani ba ya shan magani wani ya warke."

"Ai ya kira Yesu kafin ya cika! Akwai shaidu."

"Yaushe ya kira?"

Ƙarya ba ta iya ba.

"Lokacin da birki ya ƙi."

Faston ya rufe baki da hannu. Ita ma dariyar ta kubce mata, daga nan ta zarce da kuka irin wanda ba a taɓa jin ta yi ba.

A bayan gida aka binne shi. Abokan shansa ne suka haƙa kabari, suka ja waƙar sujada baiti-baiti ba kuskure, har mawaƙan majami'a suka sunkuyar da kai. Da aka ba Emilia addu'a, mata suka fara neman wurin zama, don an san tata takan kai tuwo ya huce.

Ta ce, "Ubangiji, na yi iyakar yina, ban iya ba. Ga shi nan, ka fi ni saninsa. Bakinsa da zaƙi, amma ka saurare shi. Amin."

Mutane na tsaye ido rufe suna jiran saura, ita har ta ɗebi ƙasa ta zuba.