Wanda Ya Yanke Ƙafar Kujerar Baffa

Ƙanena shugaban makaranta ne. In ka gan shi yau da tabarau da biro uku a aljihu, sai ka rantse tun yana goye yake gyara wa mutane magana. Ba ya iya jin kuskure ya yi shiru. Ko kwatancen hanya kake yi wa baƙo, sai ya sa baki. Ni kafinta ne, shekara talatin da biyu ina shaƙar garin katako, kuma a danginmu ba mai kirana da sunana. Zarto suke ce mini.

Yana ɗan shekara goma sha biyar ba ta'asar da bai yi ba. Ya ɗinke hannun rigar malamin lissafi, ya juye gishiri a gwangwanin sukari, ya kulle akuyar maƙwabta a banɗaki. Amma yana da fuskar salihai, kuma ya iya kuka a kan lokaci. Ni kuwa fuskata, ko ban yi komai ba, kamar na yi.

Babbar ta'asar ita ce ta kujerar Baffa, yayan mahaifinmu. Kullum da yamma sai ya zo ya zauna a kujerar katako ta tsakar gida, ya sha shayinmu, ya jera wa Baba laifuffukanmu. Wata rana yana zama ƙafar baya ta karye, ya tafi da baya da kofi a hannu, ya samu karaya. Aka tsinci zarto a ƙarƙashin katifata. Ƙanena ya ce shi tun rana yana ɗakin karatu, ko kujerar bai gani ba, don kafin ya dawo Baba ya jefa ta a wuta. Baba ya cire ni daga makaranta ya kai ni wurin kafinta, ya ce tunda zarto nake so, in je in ƙoshi. Na gaya wa Inna ba ni ba ne, ta ce in yi mata shiru. Yanzu ta haura tamanin, kuma abu ɗaya nake so kafin ɗayanmu ya tafi: ta san ba ni ba ne.

Makon jiya aka yi bikin 'yar ƙanen nawa. Kujeru ɗari biyu na kawo daga shagona, ni na sauke, ni na jera. Shi kuma ya yi jawabin minti arba'in a kan gaskiya da riƙon amana.

Bayan an ci abinci dangi suka taru a gefen rumfa kusa da Inna, aka shiga tuna baya. Kawu, ƙanin Inna, ya ɗauko labarin kujera kamar yadda yake yi a kowane biki. Ya nuna ni da cokali, ya ce Zarto ya yanke ƙafar gaba ɗaya sannan ya manna ta da gam. Aka yi dariya. Ni ina tattara kwanuka.

Sai na ga ƙanena yana mutsu-mutsu. Ya cire tabarau, ya mayar. Ya daure, ya daure, abin ya fi ƙarfinsa.

"A'a, Kawu, ba haka ba ne," in ji shi. "Gam ba zai riƙe ba. Daga ciki ake yankawa, a bar kamar kaurin yatsa. Sai a cike tsagar da sabulu, a goga man takalmi a kai. Ai kwana biyu na yi ina..."

Ya tsaya, baki buɗe.

Kunnen Inna ya yi nauyi, amma ban da ranar. Ta ajiye kofinta, ta tambaye shi a wane littafi ya karanto wannan a ɗakin karatun.

Ya shiga bayani. Ƙuruciya ce, shekaru sun wuce, kuma ai Yaya ya samu sana'a mai albarka a dalilin haka, in aka duba da kyau ma taimako ne. Ya dafa kafaɗata ya ce a shirye yake ya tashi ya yi jawabi a gaban kowa. Na ce jawabi ɗaya ya ishe mu yau.

Inna ba ta ba ni haƙuri ba, ba ta iya wannan ba. Ta dai dube ni ta daɗe, ta kira ni da sunana na gaskiya, ta ce in ajiye kwanukan nan in zo in zauna kusa da ita. Sannan ta juya wajensa.

"Zarto, tashi ka kwashe wa yayanka kujerunsa."

Ya kwashe kuwa, cikin kayan bikinsa, bibbiyu, a gaban surukansa da malaman makarantarsa. Bai kai ta sittin ba ya fara haki, biro ɗaya ya faɗi, ba wanda ya ɗauka masa. Ni ina zaune kusa da Inna ina gyara masa: ba haka ake ɗauka ba, ta baya ake kamawa, kar ya karya mini ƙafa.