Ɗinkin Hajiya a Filin Ƙwallon Amurka

Shekarun baya, lokacin da ƙwallon Amurka ya fara shiga kan yaran Jidda, 'yata ta dawo daga makaranta da wata ƙwallo kamar gwanda ta ce ta shiga ƙungiyar 'yan mata ta unguwarmu, Safa. Mahaifiyata, wadda duk muke kira Hajiya, ta taɓa ganin wasan a talabijin: ƙarti da hular kwano suna karo kamar raguna. Ta ce sam, jikarta ba tunkiya ba ce.

Ni da ban san komai a wasan ba sai na zama malami. Na yi mata bayani cewa nasu ba karo, ɗamara ce kawai suke ɗaurawa da ƙyallaye biyu a ƙugu. Abin da na manta ban faɗa ba shi ne amfanin ƙyallayen: fizge su ake yi a madadin kayar da mutum.

Hajiya tela ce, a unguwar Balad ta tsufa kan keken ɗinki. Kullum yarinyar ta dawo daga atisaye, sai ta ga ƙyallayen a cire cikin jaka, ta yi tsaki ta ce aikin kamfani ke nan, ba albarka. Ana gobe wasansu na farko, ta ɗauki ɗamarar ba wanda ya sani, ta ɗinke ƙyallayen a jikinta ninki biyu.

A filin, 'yata ta karɓi ƙwallo ta zuba da gudu. Wata ta kama ƙyalle ta ja, shiru. Ta biyu ta ja har ta faɗi zaune. Ni kuwa ina ta tafi ina cewa 'yata ce, wallahi 'yata ce. Sai alƙaliyar wasa ta busa, ta duba ɗamarar, ta fitar da yarinyar daga wasan. Mai horar da su ta ce halas, magana ta ƙare, mai maguɗi ba ta da wuri a ƙungiyarta. Yarinyar ta rantse tana kuka, ba wanda ya yarda.

Da muka dawo gida Hajiya ta ji labari. Washegari ta saka abayarta ta ce, "Yalla, tashi ka kai ni."

Ta tsaya gaban mai horarwar, Larabci na fita Hausa na bin bayansa, ta ce ita ce ta ɗinke, yarinyar ba ta sani ba. Sannan ta ƙara da cewa, "Ya binti, 'yar nan, ni tunda nake ban taɓa ɗinka abu don ya cire ba."

Matar ta yi dariya har da hawaye, ta mayar da 'yata ƙungiya. A nan bakin fili Hajiya ta zaro reza daga jaka ta warware ɗinkinta da hannunta, zare bayan zare, tana gunaguni.

Yau 'yata tana jami'a a wani gari, har yanzu tana buga wasan. Ranar tafiyarta ni ne na ƙi sakin akwatinta a ƙofar gida, ina ta ƙirƙiro dalilai. Hajiya ta dafa hannuna ta ce, "Sakar mata. Ni ma da ƙyar na koya."

Hajiya ta rasu bara, Allah Ya jiƙanta. Ɗamarar tana nan a ɗakina, da hudojin allurarta a jere, kuma duk na gan ta sai na yi kewarta.