Ƙwaryar Nonon da Na Ƙi Sha a Rugar Ardo Manu

Shekara talatin da ɗoriya na yi a aikin malamin dabbobi, ranaku da yawa sun ɓace mini, amma akwai wata Talata da har gobe ta ƙi barin raina. Nakan tuna ta duk sanda na ji ɗayanku, ku sababbin shiga aiki, yana bugun ƙirji wai ya zaga ruga takwas kafin la'asar. Ni ma na yi wannan taƙamar, har ma na fi ku.

A Gwandu na fara aiki, na kuma daɗe a can. Daga Kambaza har rugagen da ke bayan gari babu inda ba a san ƙarar babur ɗina ba. Ina kai mataki na takwas a aikin gwamnati sai aka yi mini canji zuwa Kalgo, inda ban san kowa ba. Ran da na kama aiki, shugaban sashenmu, wanda muke kira Dakta, ya ja ni gefe ya ce, "Malam Umaru, ka buɗe ido. Makiyayan wajen Diggi ɓoye shanu suke yi. Idan sun nuna maka goma, to akwai hamsin a bayan tudu." Na riƙe maganar nan kam-kam, da ita na hau babur.

Lokacin bayan girbi ne, shanu suna kiwon kara a gonaki, mu kuma muna zagayen allurar ciwon huhu. Ga wanda bai san aikin ba, maganin gari ne a ƙaramar kwalba, ana ɗauke da shi cikin akwatin ƙanƙara. Da ka haɗa shi da ruwansa, ba ya jira, bayan awa ɗaya ko biyu sai zubarwa. Saboda haka dole ka san yawan shanun kafin ka haɗa. Ofis kuma yana son hoto a waya, shaidar cewa ka je wurin ba ƙarƙashin bishiya ka kwanta ba. Ruga biyar aka rubuta mini a wajen Diggi ran wannan Talatar, ta Ardo Manu ce ta biyu.

Ban tsaya daga nesa na taka da ƙafa ba, kamar yadda baƙo mai hankali yake yi. Da babur na kutsa har tsakiyar rugar, maruƙa suka watse. Ardo Manu, dattijo siriri mai farin gemu, ya taso daga inuwa ya shimfiɗa mini tabarma.

"Maraba da baƙo. Zamna mana, Malam, ka huta. Daga ina aka hito?"

"Daga ofis, Ardo. Ga katin aikina, allura muka kawo, kuma sauri nake."

A tsaye na amsa gaisuwar, idona yana kan garken da ke bayansa. Shanu ne na gani na faɗa, sun haura ɗari, yawancinsu jajaye masu dogon ƙaho. Na ɗaga yatsa na shiga ƙidaya, sannan na zaro waya na ɗauki hoto uku. Da na juyo, na ga fara'ar Ardo ta ragu. A raina na ce, ka ga mara gaskiya, tun yanzu ya tsargu.

Ana haka sai matarsa, Inna Dija, ta zo da ƙwarya fal da kindirmo, an rufe da faifai, ta durƙusa ta ajiye a bakin tabarmar da ban zauna a kai ba. Ardo ya ce, "Bismilla, ka jiƙa maƙoshi."

Ni kuwa zargi ya riga ya cika ni. Na ce wannan dabara ce, so suke su zaunar da ni da ludayi a hannu, su kore marasa lafiyar ta baya. Har na raya cewa wa ya sani ko nonon saniya mai ciwo ne. Na ce, "Alhamdu lillahi, a ƙoshe nake."

"Ko ludayi guda?"

"A bar shi, Ardo. Aiki na zo yi."

Inna Dija ta ɗauki ƙwaryarta ta koma bukka. Ardo ya yi wa 'ya'yansa magana da Fulatanci, sannan ya ce mini shanun ba su sha ruwa ba, bari a kai su fadama a dawo. Na haɗa maganin shanu ɗari na tsaya jira, ina duba agogo ina tsaki.

Da suka dawo, shanu talatin da 'yan kai ne, tsofaffi da ramammu da wata gurguwa. Na ce, "Ina sauran?"

"Waɗancan na baƙi na, Malam. Sun wuce da abinsu."

Na san ƙarya ce, shi ma ya san na sani. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na yi wa talatin ɗin allura, na tuttular da ragowar maganin a gabansa don ya ji haushi, na rubuta "an kammala" a takarda, na tayar da babur ko sallamar kirki ban yi ba. Da yamma na gaya wa Dakta maganarsa ta fito, ya yi dariya ya ce ai ya faɗa mini.

Wajen mako bakwai bayan nan labari ya iso ofis cewa shanu suna mutuwa a wajen Diggi, aka tura ni rugar Ardo Manu. Tun daga nesa na ji tarin shanu, irin busasshen tarin nan da duk malamin dabbobi ya sani. Wani garke mai wucewa ne ya bar musu ciwon a mashaya. Tsofaffin da na yi wa allura suna tsaye garau suna tuƙa. Jajayen nan da aka ɓoye mini, masu ba da nono, su ne a kwance, wasu an riga an yanka.

Na sami Ardo a inuwarsa, ya rame kamar shi ne ya yi jinyar. Duk da haka bakina bai mutu ba, na ce, "Ardo, me ya sa ka ɓoye su? Lafiyarsu ƙalau a ranar!"

Ya dube ni ya ce, "Malam, bara wasu sunka zo rugar ƙanena bisa babur, sunka ce magani suka saidawa. Ba su zamna ba. Sunka ƙidaya shanu da yatsa, sunka ɗauki hoto, anka ba su nono sunka ƙi sha. Ba a yi kwana goma ba ɓarayi sunka kore garken duka. Kai kuma kaz zo, abin da sunka yi duk sai da ka yi shi."

"Amma na nuna maka katin aiki."

"Ban iya karatun boko ba, kati kuma kowa na iya yin shi. Mu abin da munka sani, wanda ya zo da niyyar cutarka ba ya yarda abincinka ya shiga cikinai. Da ka sha ko kurɓi guda, wallahi da ni da kaina zan riƙe maka ƙahonsu."

Kunya ta rufe ni, na ji kamar in nutse a wurin. Ni na je ina zarginsa, shi yana zargina, kuma a cikinmu shi ne mai hujja.

Tun daga ranar na sake yadda nake tafiya, ko ta aiki ko ta zumunci. Nakan kashe babur daga nesa in ƙarasa da ƙafa. Nakan zauna in faɗi sunana da na mahaifina da garinmu, in tambayi hanya ko da na san ta, in ci abin da aka ba ni, waya kuma tana aljihu sai na nemi izini. Ruga biyu nake yi a yini, wani lokaci ɗaya, Dakta ya yi faɗa har ya gaji. A wurina, inda ka je ka dawo mutanen wurin ba su san ko kai wane ne ba, ba ka je ba, man babur kawai ka ƙona. Aikinmu da dabbobi ne, amma sai mai dabba ya yarda da kai kake isa gare su.

Ardo Manu bai taɓa kai ƙarata ba, ko maganar bai sake tayarwa ba. Sai dai akwai wata inuwa a kasuwar Kalgo inda matan ruga suke jera ƙoren nono, ashe nan Inna Dija take zama shekara da shekaru. Da shanun nonon suka ƙare ta daina zuwa, matan suka bar mata gurbinta, ko za ta dawo. Shekara huɗu na ƙara yi a Kalgo, duk ranar kasuwa ta nan nake wucewa zuwa ofis, ban taɓa ganin ta dawo ba.