Ranar da na ƙi sauka a Birmingham

Tun da ƙaramar hukuma ta rufe ɗakin karatun unguwarmu a shekarun nan na tsuke bakin aljihu, a gida nake yini da tsoffin fayafai. Akwai huɗu da hannuna ke ciki, amma babu sunana.

Masaƙar da nake wa aiki a Kaduna ce ta turo ni Manchester koyon gyaran inji. A unguwar Cheetham Hill na haɗu da wani saurayi Bature mai ɗaukar kaya a sito, yana waƙa da abokansa uku masu jita. Ya ga ina kaɗa gwangwanin shayi da yatsu a lokacin hutu, ya ce in zo in riƙe musu ganga. Shekara biyu muna bin ƙananan zaurukan rawa, 'yan mata suka fara haddace waƙoƙinsa.

Ban taɓa gaya musu abin da ke raina ba. Mahaifina limami ne a Zariya, kuma a gidanmu kiɗa aikin maroƙa ne. Hoto ɗaya ya isa Zariya, mahaifina ya gama ɗaga kai a gari.

Sai aka kira mu gidan talabijin a Birmingham. Su suka tafi a mota da kayan kiɗa, ni na bi jirgin ƙasa. Da muka iso tasha na kasa tashi daga kujera, jirgin ya wuce da ni. Ko waya ban buga ba. Wannan laifina ne, ba na kowa ba. Daga baya na ji da tafin hannu suka maye gurbina, kuma daga ranar ƙasar ta san mawaƙin.

Bayan mako guda na same shi a gidan mahaifiyarsa, na faɗi gaskiya. Masu jitar sun so a kore ni. Shi kuwa yana ta juya cokali a kofi.

"Da ka faɗa tun farko, abokina," ya ce. "Ai faifai ba ya nuna fuska."

Daga nan wani ke hawa dandamali da ganga, ni nake kaɗawa a ɗakin ɗaukar murya. 'Yan jarida sun sha tambayarsa wane ne mai gangar, bai taɓa faɗa ba. Mahaifina ya rasu yana limancinsa, babu wanda ya yi masa gori da ni. Na gode wa Allah, na gode wa bawan Allahn nan.