Hoton da aka manna a rumfata

Taki nake sayarwa a kasuwar Bakori tun gashina yana baƙi. Ban yi boko mai nisa ba, amma na san masu cinikina. Yawancinsu Maguzawa ne na ƙauyukan bayan Tsiga, manoma na gaske. In suka daina zuwa, rufe rumfa zan yi.

Wata shekara kamfanin da nake wa dillanci ya turo wakilinsa da ƙaton hoton talla. Ina masallaci ya manna min a ƙofa ya tafi. Gefe ɗaya wani ne da farar riga, masararsa ta fi shi tsawo. Ɗaya gefen wata mata ce cikin tsumma, ta saɓo kwandon kashin shanu a kafaɗa, ƙudaje na bin ta. A ƙasa an rubuta wai a bar noman jahilai.

Kowa a nan ya san matan da ke ɗaukar kaya a kafaɗa maimakon a ka. Matan Maguzawa ne.

Na dawo na tarar da wani dattijonsu, mai cinikinmu tun mahaifina na da rai, tsaye yana kallo.

Ya ce, "Malam, wannan matata ce ko ƙanwata?"

"Wallahi Baba yanzu nake gani."

"To ka gani da kyau."

Ya wuce rumfar gaba, mutanensa suka bi shi. Nan take na yage hoton.

Kasuwa ta zagayo, wakilin ya zo yana kumfar baki. "Haba Alhaji, raha ce fa! Ƙwararru suka zana shi."

Na ce, "Ka zano gyatumarka da ƙudaje, mu ma mu yi rahar."

Ya ce za su ƙwace dillancin. Na ce ya kawo mota yau, ni zan taya shi lodi.

Mutanen kamfanin sun manna irinsa a Malumfashi da Funtuwa ma. Kafin a yi shuka sunan kayansu ya koma takin zagi, har a bakin Musulmi, don mu ma da kashin shanun iyayenmu suka yi noma. Suka canza launin buhu, sunan bai fita ba.

Daminar nan na sha zaman banza, ba zan ɓoye ba. Da wata daminar ta zagayo sai ga dattijon, ya zauna a kan buhu, ya ce in rage masa farashi tunda na ɓata masa rai bara. Ban rage ko sisi ba. Ya zage ni, ya saya.