Tsamiyar Heluma

Ana sallame sallar asuba muka bar Gumel, mu uku: ni, da wani taubashina da ke koyarwa a Sule Tankarkar, da direban da ya ɗauke mu. Gwaggona ce ta tashe ni wannan tafiya. Ita kaɗai ta rage a cikin 'ya'yan kakana, ga tsufa ga ciwon ƙafa, kuma tun azumi take nanata mini magana ɗaya: in je ƙauyen da tsamiyar mahaifinta take, a gefen layin dogo gaba da Gagarawa, in gaida mutanen wurin tun tana raye. Ku da kuke karanta ni kun san tsamiyar nan, don na cika muku kunne da ita. Kakana shi ne heluma, wato shugaban leburori, lokacin da Turawa suka ja dogo daga Kano zuwa Nguru. A gidanmu abin da muka taso muna ji shi ne, saboda girmansa aka sa wa itacen suna Tsamiyar Heluma.

Sai da muka fara hawa Maigatari, don ranar kasuwa ce, kuma gwaggo ta ce kar in kuskura in je wa mutane hannu rabbana. Gari bai gama wayewa ba amma kara ta cika, raƙuma a gefe suna hararar kowa, ga manyan motocin nan da mutanen Damagaram ke kira kamyo sun yi layi. Dabino kuwa ya yi tsadar da sai da na cire hula na sosa kai. Ina cikin ciniki taubashin nan nawa ya ce wa mai dabino ya yi haƙuri da ni, wai jikan Heluma ne guda, gadon suna aka bar masa ba a haɗa da aljihu ba. Muka karya da shayi da cuku, muka juyo.

Daga Gumel zuwa Gagarawa kaka ta yi kyau. An yanke riɗi an jingine shi tsaye a gonaki, zoɓo ya yi jawur har bakin kwalta. A mota muka yi ta gardamar dogo. Taubashina ya dage cewa ba don Allah Bature ya shimfiɗa shi ba: gyaɗa da fata yake so su isa bakin teku, kuma yana son in ta ɓaci tsakaninsa da Faransa ya iya sauke soja kusa da iyaka kafin a farga. Ya ce a yaƙin Hitila ma ta wannan layin aka kwashi samarin ƙasar nan zuwa bariki, daga can wasu sai Bama. Ni kuwa na ce ko ma don me aka yi shi, hannun kakana na ciki, in yana jin haushi ya je ya nemo tsamiyar nasa kakan.

Gagarawa Tasha ta ba ni tausayi. Tsohon ginin yana nan, awaki na kwance a kan ƙarfen, mata sun shanya barkono a inda fasinja ke tsayawa a da. Nan muka bar mota muka hau babura, muka bi gefen layin cikin yashi har ƙauyen.

An kai mu zauren dattijon da ya fi kowa shekaru a garin. Ko gaisuwa ban bari ta ƙare ba na ɗaga murya na ce ni jikan Heluma ne, na zo ganin tsamiyar kakana. Zauren ya yi tsit. Ni a wautata na ɗauka kwarjini ne. Tsohon ya dube ni, ya ce, "Madalla. Lale da baƙi." Ya sa aka shimfiɗa mana sabuwar tabarma, aka kawo fura mai sanyi, aka biyo da dambun zogale da man gyaɗa. Na ci har na yi gyatsa, ina ci ina ba su labarin kakana.

Da kansa tsohon ya dogara sanda ya raka mu. Tsamiya ce gagaruma, inuwarta ta isa a yi ɗaurin aure a ciki. Na gyara babbar riga na jingina da ita aka ɗauke ni hoto, har da cewa muna shawarar kafa allo mai ɗauke da sunan marigayi. Sai a lokacin na lura da wani abu. Rana ta take, amma ba kowa a ƙarƙashinta, mutane sun je sun cunkushe a gindin wata 'yar darbejiya mai inuwa kamar rariya. Na tambayi dalili.

Tsohon ya daɗe yana tona ƙasa da sandarsa. Ya ce, "Ɗana, da ba ka tambaya ba da ban faɗa ba, baƙo ne kai." Ya ce a zamanin ɗiban gwamna kowane gari sai ya ba da maza don aikin dogo, ko suna so ko ba sa so. Da ruwan shuka ya sauka wasu suka gudo gida, don in ba su yi shuka ba iyalinsu ba za su ci ba. Duk wanda aka kamo, a jikin wannan itacen ake ɗaure shi, kuma heluma ne ke riƙe da bulala. "Mahaifina har ya bar duniya ba ya tuɓe riga a gaban mutane. Ni na yi masa wanka, ranar na ga bayansa. Ƙaninsa kuwa daga nan aka ɗauke shi, bai ƙara tashi ba."

Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba. Mutumin nan ya san ko ni wane ne tun daga zaure, ya kuma ciyar da ni da hannunsa. Ni da ba a raba ni da magana, abin da ya fito daga bakina kawai shi ne, "Allah Ya jiƙan magabata." Na miƙa dabinon, na ce direba na jiranmu, na yi gaba har ina tuntuɓe. Ya rako mu har bakin layi, ya ce a gaida mutanen gida. Daga nan har Gumel taubashina bai tsokane ni ko sau ɗaya ba, kuma wannan ya fi mini zafi.

Mun iso ana kiran magariba. A hanya na riga na shirya abin da zan gaya wa gwaggo: tsamiya tana nan, mutane sun karɓe mu hannu bibbiyu, shi ke nan. Na durƙusa na miƙa mata waya ta ga hoton. Ko kallonsa ba ta yi ba.

"Sun gaya maka?"

Na sunkuyar da kai.

"To, sun yafe?"

Na ce ban roƙa ba. Sai ta ce mahaifinta ya cika yana ambaton sunan ƙauyen nan yana kuka. "Ni 'yarsa ce, bakina ba zai iya faɗar laifinsa ba. Na zaci in ka ji da kunnenka za ka san abin yi." Ta juya fuskarta bango.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da daɗin faɗa. Na yi shekaru ina tinƙaho da suna ban taɓa tambayar yadda aka same shi ba, kuma duk abin da na rubuta muku a baya game da tsamiyar nan na janye shi. Malamai sun sha gaya mana cewa haƙƙin mutane sai masu shi sun yafe, ni kuwa na zauna a tabarmar mai haƙƙin, na ci abincinsa, na tashi ban roƙa ba don kar girmana ya zube. Tsohon can ya tsufa, gwaggo ma haka, ba wanda ya yi mini alkawarin zai jira. Tun ranar in na shiga gaishe ta takan amsa, amma ba ta ƙara tambayata komai ba.