Ranar da Falmata ta miƙo hannunta

Har yau ban manta da safiyar da Falmata ta kawo mahaifinta ɗakin gwajinmu a Jimeta ba. Lokacin ina ƙaramin ma'aikacin ɗibar jini, gari kuma ya cika da mutanen da rikici ya koro daga Borno.

Shugabarmu, Dokta Rifkatu, tana tara jinin tsofaffi masu cutar mantuwa, wadda ake kira Alzaima. Abin da take nema shi ne maikro-RNA, wasu ƙananan abubuwa da ke tsara aikin ƙwayoyin jiki. Idan ƙwaƙwalwa ta fara lalacewa, yawansu a jini yakan canza, ana fatan wata rana a gane cutar da su tun ba ta yi nisa ba. Ƙa'idarmu, kafin allura ta taɓa mutum sai mun faɗa wa danginsa bincike ne, ba magani ba.

Mahaifin Falmata, Malam Bukar, malamin Alƙur'ani ne a garinsu. Da na gaishe shi, ya tambaye ni ko na ga ɗansa Modu a hanya. Falmata ta ja ni gefe ta ce an kashe Modu ranar da suka gudo. A da, idan ta faɗa masa gaskiya, sai ya yi kuka kamar yanzu ya ji, anjima ya sake tambaya. Yanzu cewa take ya tafi kasuwa.

Na gama bayani, na ɗebi jininsa. Sai ta naɗe hannun riga ta miƙo mini.

"Malam, ɗebi nawa ma. Ni kaɗai na rage da ke tuna mutanen gidanmu. In ni ma haka zan zama, gara in sani."

Na kira Dokta. Ta zauna kusa da ita ta ce, "'Yar'uwa, binciken bai kai nan ba tukuna. Ko mun ɗiba, ba abin da zan iya faɗa miki."

Falmata ta sauke hannun rigarta. Ta gyara wa mahaifinta hula, ya kalle ta ya ce, "Na gode, baiwar Allah." Suka hau keke mai ƙafa uku zuwa unguwar Yolde Pate. Ba su sake dawowa ba.

Ku sababbin ma'aikata da kuka fara aikin nan yanzu, ku sani: yawancin waɗanda ke ba mu jininsu ba za su ci amfaninsa ba. Sun sani, kuma suna bayarwa.